Samarin Holan Da Ke Kwance A Jawa

Iyayenmu mata sun san sunaye biyu tun ba su san inda ƙasashen suke ba. In an je kasuwa sayen kayan aure, sai ka ji mai shago yana cewa wannan atamfa 'yar Holan ce, waccan kuwa Java ce. Ba mu taɓa tambayar abin da ya haɗa sunayen nan biyu a bakin mai shago ɗaya ba. Ashe rinin zane da kakin zuma sana'ar mutanen tsibirin Java ce, wanda alhazanmu suke kira Jawa. Mutanen Holan suka gan ta a can sa'ad da suke mulkin ƙasar, suka koma gida suna kwaikwayonta da inji, daga bisani suka sami kasuwarta a Afirka ta Yamma. Amma fa zane kaɗai ne ya iso wurinmu. Sauran abin da ya shiga tsakanin al'ummun nan biyu, sai da wani taro ya kai mu Jakarta, babban birnin da ke kan tsibirin, sa'an nan muka gani da idonmu.

Mu huɗu ne, kuma muna da kwana biyu da babu aiki. Wani abokinmu ɗan ƙasar ya ce, in muna son wurin da babu ƙara a Jakarta, to, guda ɗaya ya sani, maƙabartar sojan Holan ce da ake kira Menteng Pulo. Muka yi dariya, gama ba mu zo daga nesa domin mu ziyarci kaburbura ba. Amma wanda ya kwana uku cikin hayaƙin motoci da kukan babura na birnin nan, ko maƙabarta aka ce masa akwai iska, zai tafi.

Hanyar ta bi ta gindin wasu dogayen benaye, ta ratsa gefen maƙabartar mutanen gari, ta ƙare a bakin wata ƙofar ƙarfe. Wani ma'aikaci ya buɗe mana, ya miƙo littafin baƙi muka sa hannu. Da muka ɗaga kai, sai dukanmu muka yi shiru. Fili ne shimfiɗaɗɗe, ciyawa kore shar an aske ta daidai, ga fararen alamun kabari jere a layi, ko ta ina ka duba layin a miƙe yake. Kaburbura sun fi 4,000. Benayen zamani sun kewaye wurin ta kowane gefe, har muna hangen shanyar mutane a barandar hawa na ashirin, a bisa kan matattu.

Ma'aikacin ya nuna mana yadda ake karanta alamun. Gicciye mai miƙaƙƙen baki na namiji ne, mai ado a bakinsa na mace ne, ƙarami kuwa na yaro ne. Na Musulmi allo ne mai tozo uku a kansa, na Bayahude tauraro mai tsini shida. Gama ba soja kaɗai ke nan ba, akwai mata da yara da suka mutu a sansanonin da Japan ta tsare su a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, akwai kuma 'yan ƙasar da suka yi wa Holan aikin soja. Wasu alamun ba su da suna sam, sai kalma ɗaya da harshen Holan mai cewa ba a san shi ba.

Muka rarrabu, kowa ya kama layinsa. Can sai dattijon cikinmu, wanda ya yi shekaru yana koyar da lissafi, ya kira mu. Ya ce, “Ku bar karanta sunayen, ba za ku iya faɗarsu ba. Ku karanta shekarun.” Muka duba. An haife shi 1925, ya mutu 1947. An haife shi 1926, ya mutu 1948. An haife shi 1927, ya mutu 1949. Haka layi bayan layi, ashirin da ɗaya, ashirin da biyu, da wuya ka ga wanda ya kai ashirin da biyar. Dattijo ya ce, “Auta na ya girme su duka.”

Masu karatu za su so su san abin da ya kawo yaran nan wuri mai nisa haka, tafiyar wajen wata guda a jirgin ruwa. Tun 1619 'yan kasuwar Holan suka kafa gari a inda Jakarta take, suka sa masa suna Batabiya, a hankali kuma mulkinsu ya game tsibiran duka. Daga can suke samun kayan yaji, da sukari, da kofi, da roba, da man fetur. A 1942 Japan ta kore su cikin 'yan watanni. Da Japan ta faɗi, kwana biyu kacal bayan haka, ran 17 ga Agusta 1945, Sukarno da Hatta suka yi shelar cewa Indonesiya ta zama ƙasa mai mulkin kanta. Gwamnatin Holan ta ƙi ji. A ganinta ƙasar tata ce, kuma in ta rasa ta, talauci zai kashe Holan. Ga shi kuma a watannin ƙarshe na 1945 wasu gungun samari masu zafin kai sun kashe dubban Turawa da barbarar yanyawa da 'yan Sin, mata da yara a ciki. Labarin wannan kisa ya isa Holan, ya zama hujja a bakin masu cewa a aika da soja.

To, ina sojan? Holan kanta ba ta daɗe da fita daga hannun Jamus ba. Shekara biyar, daga 1940 zuwa 1945, tana ƙarƙashin takalmin Hitila, a damunar sanyi ta ƙarshe kuwa yunwa ta kashe mutum wajen 20,000, har mutane suka ci kwararon furanni. Da fari an aika da waɗanda suka ba da kansu. Da ba su isa ba, sai aka juya kan samarin da shekarunsu suka kai na aikin soja na dole. Tsarin mulkin ƙasar ya hana a kai sojan dole ƙetaren teku in ba da yardarsa ba, sai aka gyara dokar a 1946. Rundunar farko ta tashi a watan Satumba na shekarar. An sa mata suna Rundunar 7 ga Disamba, domin tunawa da ranar da Sarauniya Wilhelmina ta yi jawabi ta rediyo daga London a 1942, ta yi wa mutanen tsibiran alkawarin sabon zama bayan yaƙi. Mu dai da muka ji wannan, mun rasa abin cewa. An ɗauki ranar alkawari an liƙa a kafaɗar masu bindiga.

Ba kowa ne ya yarda ba. Ma'aikata a Amsterdam sun yi yajin aiki a watan Satumba na 1946 domin kada a tafi da yaran. Dubban samari sun ƙi fitowa, wasu suka ɓuya a gonaki da ɗakunan da aka ɓoye mutane a zamanin Jamus. Da yawa an kama su an ɗaure, wasu har shekaru, bayan sun fito kuma suka sha wuyar samun aiki. Akwai ma wani mai suna Poncke Princen, wanda aka kai da ƙarfi, a 1948 ya tsallaka ya koma wajen 'yan Indonesiya ya yi yaƙi tare da su, ya zauna a ƙasar har ya mutu a 2002. Amma yawancinsu sun tafi, wajen 100,000 ko fiye, cikin soja sama da 200,000 da Holan ta yi yaƙin da su. 'Ya'yan manoma ne, da masu gasa burodi, da leburorin masaƙa, waɗanda da yawansu ba su taɓa fita lardinsu ba. An gaya musu za su je su maido da doka da kwanciyar hankali, su ceci talakawa daga 'yan ta'adda da Japan ta bari a baya, kuma mutanen ƙauye za su tarye su da murna. Iyaye sun gaskata, yawancin shugabannin ikilisiyoyi ma sun gaskata, limaman soja kuwa suka shiga jirgi tare da su.

Abin da suka tarar dabam ne. Sau biyu Holan ta kai babban hari, a Yuli 1947 da Disamba 1948, ba ta kuwa kira shi yaƙi ba, ta ce aikin 'yan sanda ne. A hari na biyu ta kama birnin Yogyakarta, ta tsare Sukarno da Hatta, ta zaci magana ta ƙare. Sai babban hafsan Indonesiya, Janar Sudirman, wanda tarin fuka ya ci ƙarfinsa har ɗaukarsa ake yi a kan kujera, ya shiga duwatsu ya ci gaba da yaƙin sari-ka-noƙe. Daga nan ne kaburburan 1949 suka yawaita. Ƙasa ce mai faɗi, soja kaɗan a kowane ƙauye, su ashirin ko talatin a wani tsohon gidan gona, suna sintiri cikin fadamun shinkafa dare da rana. Ba su jin harshen mutane, ba su iya bambanta manomi da mayaƙi, gama sau da yawa mutum ɗaya ne. A kan hanya ana binne nakiya a ja ta da waya in mota ta iso, a gefen daji ana yi musu kwanton ɓauna. Sojan Holan da suka mutu daga 1945 zuwa 1949 sun fi 5,000, kusan rabinsu kuwa ba harsashi ne ya kashe su ba, sai zazzaɓin cizon sauro, da atuni, da haɗarin mota, da bindigar da ta tashi a hannun aboki. A ƙarshe Majalisar Ɗinkin Duniya ta matsa, Amurka ta yi barazanar janye kuɗin taimakon da take ba Holan, sai ran 27 ga Disamba 1949 Sarauniya Juliana ta sa hannu a Amsterdam aka miƙa mulki. Wanda ya mutu a Yuni ko Yuli na shekarar, ya mutu ne a kan abin da manya sun riga sun fara shirin saki.

Babban kwamandansu ma yana nan tare da su, Janar Spoor, wanda ya mutu farat ɗaya a watan Mayu na 1949. Gicciyensa irin na kowa ne. Da ba a nuna mana ba, da mun wuce shi.

A tsakiyar filin akwai ɗan ɗakin sujada fari mai hasumiya, wanda aka gina domin Katolika da Furotesta su yi amfani da shi tare, abin da ba kasafai ake gani a Holan ta wancan zamani ba. A ciki akwai gicciye na baƙin katako mai kaushi. Ma'aikacin ya ce daga katakon da ake shimfiɗawa ƙarƙashin dogo aka yi shi, na reluwen Bama da Japan ta sa fursunoni suka gina. Da jin Bama sai dattijonmu ya matso ya shafa katakon, gama mahaifinsa yana cikin sojan Nijeriya da Ingila ta kai yaƙin Bama. Ya ce shi ma har ya mutu bai iya bayyana musu abin da ya kai shi can ba. A gefen ɗakin akwai baranda mai kewaye da ɗan tafki, an jera tukwanen ƙarfe fiye da 700 a kan kanta, tokar fursunonin da suka mutu a Japan ce a ciki. Ta bayan shinge kuma ga maƙabartar sojan Ingila da Indiya da Ostareliya, amma ba mu shiga ba.

A barandar nan muka gamu da wata farar mace, za ta yi shekara sittin da wani abu, tana riƙe da furanni. Ta ce wan mahaifiyarta ne ta zo gani. Ba ta san shi ba, hotonsa kawai ta sani, wanda ya zauna a kan kabad na kakarta har tsohuwar ta rasu. Ba a kai gawar kowa gida ba, in ji ta. Limamin unguwa ne ya zo ya ƙwanƙwasa ƙofa, daga baya wasiƙa ta biyo, sa'an nan akwatin kayansa. Kakarta ba ta taɓa ganin kabarin ba. Muka tambaye ta ko tana fushi. Ta yi jim, ta ce da tana fushi da waɗanda suka harbe shi, yanzu kuwa ba ta san da wa za ta yi ba. Ta ƙara da cewa ba ta san abin da shi ma ya aikata kafin ya mutu ba, wasiƙunsa duk labarin ayaba ne da zafin rana.

Muna fita sai muka sami labarin ranar da aka keɓe maƙabartar: 8 ga Disamba 1947, Janar Spoor ne ya yi bikin. A ranar nan ce kuma wakilan ɓangarorin biyu suka fara zaman sulhu a cikin wani jirgin ruwan Amurka mai suna Renville a bakin gaɓar Jakarta. Abokinmu ɗan ƙasar ya ce, “To, ku tambaye ni abin da ya faru kashegari.” Bai ƙara kome ba, ya ce mu shirya da sassafe.

Tafiyar kamar awa biyu ce zuwa gabas, wajen Karawang. Bayan masana'antu sun ƙare sai fadamun shinkafa, shimfiɗe har iyakar gani, ga fararen balbelu a ciki. Ƙauyen yanzu Balongsari ake ce masa, amma duniya ta san shi da tsohon sunansa, Rawagede. Ran 9 ga Disamba 1947, da asuba ana ruwa, sojan Holan wajen 100, yawancinsu samarin dole, ƙarƙashin Manjo Alphons Wijnen, suka kewaye shi suna neman wani hafsan 'yan Indonesiya mai suna Lukas Kustaryo. Ba su same shi ba, mutanen gari kuwa ba su faɗi inda yake ba. Sai aka tattara maza da samari, aka jera su, aka harbe. Holan ta ce mutum 150 ne, mutanen garin sun ce 431. Da soja suka tafi, mata ne da tsofaffi suka haƙa ramuka da abin da ke hannunsu suka binne mazansu. Ba a gurfanar da manjon gaban shari'a ba, Janar Spoor kuwa yana cikin waɗanda suka ga ya fi kyau a bar maganar.

Akwai gidan tunawa a wurin, a bayansa kuma kaburbura 181 a jere. Ba su da ciyawa irin ta jiya, amma an share su tas. Yara 'yan makaranta suna wasa a bakin ƙofa, suka bi mu suna dariya suna so a ɗauke su hoto.

A nan gardama ta tashi tsakaninmu. Ƙaramin cikinmu ya ce shi ya janye tausayin da ya ji jiya. Ya ce wanda ya ga abin da Jamus ta yi wa garinsu, ya kuma zo ya yi irinsa a garin wani, ba shi da uzuri, ko shekararsa nawa. Dattijo ya ce, “Ɗana, ban ce yana da uzuri ba. Na ce yaro ne. Wanda ya rubuta dokar da ta ɗauko shi daga gonar ubansa, a kan gadonsa ya mutu.” Saurayin ya ce ai waɗanda suka ƙi zuwa su ma yara ne, sun kuwa zaɓi kurkuku. Dattijo bai amsa wannan ba. Mu ma a namu ganin ba ta da amsa mai sauƙi, sai dai mun lura ba wanda ya isa ya nuna gicciye ɗaya a Menteng Pulo ya ce wannan ya yi, wannan bai yi ba. Lissafin da ba ya ruɗi shi ne na jimla: a kan kowane sojan Holan ɗaya da ya mutu, 'yan Indonesiya kusan ashirin ne suka mutu, gama masu bincike sun ƙiyasta su wajen 100,000.

Waɗanda suka koma gida da rai ba su sami taryar jarumawa ba. An ba su ɗan kuɗi da takardar shiga jirgin ƙasa kyauta ta wata guda, aka ce su nemi aiki. Ƙasar tana ta gini, ba mai son jin labarin yaƙin da aka sha kāye. Suka yi shiru shekara ashirin, matansu kaɗai suka san ihun da suke yi cikin barci. A Janairu 1969 wani tsohon soja, Joop Hueting, ya fito a talabijin ya faɗi ƙone ƙauyuka da azabtar da kamammu da ya gani, har da abin da hannunsa ya yi. Tsofaffin abokan aikinsa da yawa suka tasam masa, gwamnati kuwa ta yi rahoto ta ce 'yan tsiraru ne suka wuce gona da iri. Sai a 1988 aka yi wa matattun abin tunawa na ƙasa a garin Roermond, inda daga baya aka rubuta sunaye fiye da 6,200 a kan ginshiƙan ƙarfe, haɗe da waɗanda suka mutu a Nugini har zuwa 1962. Tsofaffin soja ne da kansu suka yi ta faman a gina shi.

Matan Rawagede sun fi su daɗewa suna jira. Sai a Satumba 2011 wata kotu a Hague ta ce gwamnatin Holan tana da alhakin kisan. Gwaurayen da suka rage a lokacin ba su kai goma ba, aka ba kowace Yuro 20,000, jakadan Holan kuma ya zo ƙauyen ran 9 ga Disamba na shekarar ya nemi gafara. A 2020 Sarki Willem-Alexander ya nemi gafara a Indonesiya. A Fabrairu 2022 wani babban bincike da gwamnati ta biya kuɗinsa ya nuna cewa zaluncin ba na 'yan tsiraru ba ne, ya zama hanyar yaƙin, kuma 'yan siyasa da hafsoshi da alƙalai sun sani sun kau da kai. Firayim Minista Mark Rutte ya sake neman gafara. A lokacin kaɗan ne suka rage daga samarin 1946, duk sun haura shekara casa'in.

Da za mu bar ƙauyen, wata tsohuwa mai sayar da soyayyar ayaba a bakin hanya ta tambayi abokinmu daga ina baƙin nan suke. Ya ce daga Afirka. Ta ce ashe har can an ji labarinsu. Muka ce a'a, Iya, jiya muka fara ji. Ta ƙara mana ayaba biyu a kan wadda muka saya. Tana ɗaure da zane mai ruwan ƙasa da zanen ganye, wanda in a kasuwarmu aka gan shi, mai shago zai rantse ɗan Holan ne.